Ƙullin da Fibi Ta Warware

Fibi tela ce, kuma irin telolin nan da idonsu ba ya barin su su zauna lafiya. In ta shiga ɗakin mutane ta ga labule ya karkace, sai ta miƙe shi kafin a gama gaisawa. A shagonta da ke Kano ta sha farke rigar da mai ita ta riga ta yaba, don kawai wani ɗinki ya kauce da faɗin tsinke a wurin da babu mai dubawa. Mutane suna cewa tana da hannu, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai hannun nan nata ba ya tambaya kafin ya gyara.

Ran Talata da hantsi mai babur ya sauke ta a ƙofar gidansu, a wata unguwar Kiristoci da ke cikin gonaki kusa da Shanono. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai, kowane gida ka leƙa shanyar gyaɗa ce a tsakar gida. Rabonta da garin tun Kirsimetin bara. Matar yayanta Ayuba ta haihu ta tafi wanka gidan iyayenta, shi kuwa Ayuba daga gona sai gona, don haka babu mai zama da tsohuwa. Ga kuma Lahadin godiyar kaka saura kwana biyar.

Ta tarar da mahaifiyarta, Inna Liyatu, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. An gaya mata a waya cewa ciwon yana ya rufe wa Inna ido, amma ji daban, gani daban. Tsohuwar ta juyo da fuska, ta kalli gefen da Fibi ba ta tsaye.

"Auta ce?" in ji ta. "Wannan takun na masu sauri ne."

Fibi ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi dariya don kada kuka ya riga ta.

Duk wanda ya taɓa yin sujadar godiya a majami'ar garin ya san faifan Inna Liyatu. Ita ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma kowace shekara, washegarin godiya, sai ta ɗauki kaba da ciyawar tsintsiya da basilla, ta fara cibiyar sabon faifai. Ba ta saƙa shi a zama ɗaya kamar na sayarwa. Ajiye shi take yi a kan randa, sai ranar da Allah ya yi mata wani abin da ta ji ya isa a gode, sannan ta sauko da shi ta ƙara. Jan kaba na lafiya ne, rawaya na gona da dabbobi, baƙi kuwa na wahalar da ta zo ta wuce. Ranar godiya, bayan an shigo da damman dawa da kabewa da kaji, masu ilimi su tashi da takardunsu, ita kuma ta tashi da faifanta. Daga cibiya take farawa, ta bi shi zagaye zagaye tana faɗin abin da Ubangiji ya yi mata, har ta kai baki. Sannan ta rufe ƙwaryar geronta da shi, ta ajiye a gaban bagade, wurin ajiye baiko. Shekara fiye da arba'in ke nan ba ta fasa ba, har yara kan daina mutsu-mutsu in an zo kanta.

Bana kuwa ta riga ta gaya wa kowa cewa ita ce tsayuwarta ta ƙarshe. Gwiwa ta gaji, ido ya tafi, ga mantuwa ta fara yi mata sata. Tana so ta tsaya sau ɗayan nan ta faɗi godiyarta duka da bakinta, kada ta bar ko guda.

Da la'asar ta ce a sauko mata da faifan. Fibi ta sauko da shi, ta duba. Cibiyar kam ta Inna ce, ɗinki a jere kamar haƙoran masara, amma faɗinta bai wuce tafin jariri ba. Daga nan komai ya rikice. Ja ya shiga baƙi, rawaya ta ɓullo inda ba gurinta ba, ga wasu ƙulle-ƙulle sun taso ko'ina kamar ƙuraje, wani babba, wani ƙarami, wani da tsumma yana leƙowa.

"Inna, bana kin sha wahala da wannan," in ji Fibi.

"Bana kam ya cika," in ji Inna, tana shafa shi da babban yatsa, fuskarta a sake. "Saura baki. Gobe Ayuba zai kai ni zaman makoki gidan ƙanwata a tsallaken rafi, sai Asabar zan dawo. Ki rufe mini bakin, tunda ke mai hannu ce. Bakin kawai, Auta."

"To, Inna."

Da zuciya ɗaya ta ce to ɗin, wannan kam ba za a zalunce ta ba. Laraba da safe, bayan ƙarar babur ɗin Ayuba ta ɓace, ta share tsakar gida, ta jiƙa kaba, ta zauna da niyyar rufe baki. Ta yi ɗinki bai fi goma ba ta tsaya. Bakin yana fita sumul, abin da ke cikinsa kuwa sai ƙara muni yake yi a idonta. Ta tuna yadda matan zumuntar majami'a kan karɓi faifan bayan sujada, su miƙa wa juna suna yabawa. Ta hango su bana suna miƙa shi shiru, kowace tana cewa a ranta, Allah sarki, Liyatu ta ƙare. Wannan tausayin ne Fibi ba za ta iya jurewa ba. Mace ta yi shekara arba'in tana kai abu mai kyau gaban Allah, a ce ranar ƙarshe da wannan za a tuna ta?

Ta ce bari ta gyara ƙulli ɗaya, wanda ya fi tsone mata ido. Ta sa reza ta yanke shi, sai ga 'yan gashin akuya a ciki. Ta girgiza kai. Makanta ba ta yi ba, in ji ta a ranta, har shara Inna ke ɗinkewa ba ta sani ba. Na biyun akwai ƙwayar wake a ciki. Na ukun guntun ƙusa ne, har ya kusa soke ta. Wani gashin kaza, wani ɓawon ƙwayar magani, wani ɗan ƙyallen atamfa kore wanda ta gane, don ragowar zanen da ta ɗinka wa Inna ne. Duk ta tara su gefe guda. Kafin azahar ta warware faifan har zuwa cibiya, ta kwashe tarkacen a tafin hannu ta watsa a juji bayan danga, inda kaji ke tono.

Sannan ta zauna ta yi aiki. Kwana biyu da rabi tana kai, ba ta tashi sai don girki. Ta jera launukan yadda ta san Inna ke yi tun tana yarinya, ja ya zagaya ya rufe, rawaya ta biyo, baƙi siriri a tsakani. Yatsunta suka yi kanta, wuyanta ya sage, amma ranta fari tas. Da ta rufe baki ran Juma'a da yamma ta ɗaga shi sama, ita kanta ta san ba a taɓa shiga majami'ar nan da faifai mai kyansa ba. Ta naɗe shi a sabon ɗankwali, ta ɗora a kan ƙwaryar gero, ta ɗaure.

Inna ta dawo ran Asabar a gajiye, muryarta ta dishe da gaishe-gaishe. Ta sha kunu, ta tambayi faifanta.

"Na gama, Inna. Na ɗaure shi da ƙwaryar, sai gobe."

"Kawo in taɓa mana."

"Ki huta, Inna. In na kwance ɗaurin nan geron zai zube."

Ba don ɓoye laifi ta faɗi haka ba, domin ba ta san ta yi laifi ba. So take sai a gaban jama'a Inna ta ji ana yabo, ta yi mamaki. Tsohuwar ta ce to, ta kwanta.

Lahadi majami'a ta cika har waje. Matan zumunta suka shigo da kaya a ka suna rausaya, ana buga tulu, maza na biye da damman dawa, wani zakara ya kuɓuce aka yi ta dariya. Aka yi wa'azi, aka yi addu'a, mutum huɗu suka ba da shaida. Sannan Fasto ya ce, "Yanzu sai mu saurari Innarmu Liyatu." Wuri ya yi tsit.

Fibi ta riƙo hannunta har gaba, ta kwance ɗankwalin, ta ɗora mata faifan a tafi. Nan take ta ji abin da take jira, wata 'yar ƙaramar guɗa daga bencin mata, da masu cewa kai, masha Allah. Ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta.

Inna ta sa babban yatsa a cibiya. "Na gode wa Ubangiji da ya nuna mini Kirsimeti da 'ya'yana a gida," in ji ta. Jama'a suka ce amin. "Na gode masa da tari ya kama ni a farkon shekara, ya sake ni." Aka ce amin.

Yatsan ya matsa gaba. Ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau biyu. Ya koma cibiya ya sake fitowa a hankali. Inna ta juya faifan ta shafa bayansa, ta sake juyo shi, ta bi shi da tafin hannu gaba ɗaya har baki. Leɓenta yana motsi, babu abin da ke fita. Wani jariri ya yi kuka a baya aka fita da shi.

Fibi ta matso kusa da kunnenta. "Naki ne, Inna. Gyara miki shi na yi."

Tsohuwar ba ta juyo ba. Ta daɗe a tsaye, har Fasto ya fara gyara murya. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Jama'ar Allah, abin da ya yi mini bana yana da yawa. Na zo da niyyar in faɗa muku duka, amma na tsufa. Shi ya san su." Ta laluba ta rufe ƙwaryar da faifan, ta miƙo hannu a mayar da ita mazauninta. Shugabar zumunta ta yi maza ta ɗauko waƙa, tulu ya amsa, aka rufe shirun da ita.

Bayan sujada mata suka karɓi faifan suna miƙa wa juna, suna yabawa, daidai yadda Fibi ta so. Ita kuwa tana tsaye a gefe. Ta san wani abu ya lalace a hannunta, amma har lokacin ba ta san mene ne ba.

A gida Inna ta ci gaba da harkarta kamar kullum. Ta ci tuwo, ta yaba miyar, ta koma tabarmarta. Da ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi. Can bayan la'asar sai ga sallamar Rahmatu, maƙwabciyarsu Musulma da ke gidan bayan danga, wadda ta yi sati tana cirar gyaɗa a gonar mijinta. Ita ce ke tsaga wa Inna kaba tun da idon ya tafi. Ta ajiye kwanon dafaffiyar gyaɗa, ta zauna tana fara'a.

"To Inna, an faɗe su duka? Ashirin da ukun nan ba a bar ko ɗaya ba?"

Inna ta ce, "An yi sujada lafiya."

"Ashirin da uku na me, Yaya Rahmatu?" in ji Fibi.

"Ƙullin mana. Ba ki gani ba?" Rahmatu ta yi dariya. "Ai tun da ta daina ganin launi ta sake dabara. Duk abin da ya faru sai ta nemi ɗan wani abu nasa ta ƙulle a ciki, in yatsa ya taɓa sai ta tuna. Ranar da akuyarta ta haifi biyu ni na tsinko mata gashin. Da iskar nan ta Agusta ta ɗauke rufin mutane ta bar nata, sai da ta sa na nemo mata ƙusa. Kullum da safe sai ta bi su da hannu tana maimaitawa, kamar mai bitar karatu." Sai a nan ta lura da fuskar Fibi, dariyar ta tsaya. "Lafiya?"

Fibi ta tashi ta zagaya bayan danga, ta tsuguna a juji da kayan cocinta, tana tona da hannu. Kwana huɗu kaji suna bi ta wurin, an zuba toka a kai, an zuba ɓawon gyaɗa. Guntun ƙusar kawai ta samu. Ta zauna a wurin ta yi kukan da ta riƙe tun ran Talata. Ba kunyar jama'a ce ta sa ta kuka ba. Abin da ya ci ranta shi ne, Inna ta rasa ido ta nemo wata hanyar da kanta, ita kuma ta zo da idonta biyu ta share hanyar, tana jin daɗi.

Ta dawo ta durƙusa gaban tabarmar. "Inna, ki gafarce ni. Na ɗauka shara ce."

"Na sani," in ji Inna. "Ai ban gaya miki ba. Tashi, ƙasa ta ɓata miki zane."

"Bari in ɗauko kaba mu mayar da su yanzu."

"Yau Lahadi. Ba na taɓa basilla."

Litinin da safe suka zauna su uku, Rahmatu ta bar gyaɗarta ta zo. Fibi ta ɗauki doguwar kaba guda, aka ce duk wanda aka tuna a ƙulla, ko ba a gaban jama'a ba Inna ta faɗi godiyarta. Akuya da tagwayenta. Rufin ɗaki. Jaririn Ayuba. Faɗuwar da Ayuba ya yi a babur bai karye ba. Waken da tsutsa ta taɓa ta bari. Kazar da shaho ya ɗauka ya yar, wadda har yanzu take yawo da wuya a karkace, wannan kam sai da suka yi dariya. Duk wanda aka ambata, Inna ta ce na gode wa Ubangiji, Rahmatu ta ce alhamdulillahi, Fibi ta ƙulla. Mafi yawansu Rahmatu ce ta tuno. Fibi ba ta kawo ko ɗaya ba, domin ba ta nan lokacin da suka faru.

A na goma sha huɗu suka tsaya. Aka sake bi daga farko, aka sake tsayawa a nan. Ayuba da ya shigo shan ruwa aka tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya san an yi damina mai kyau. Saura tara, kuma babu inda za a nemo su.

Inna ta jingina da darbejiya, ta daɗe tana murza yatsunta. "Akwai guda naki, Auta," in ji ta. "Na sa masa ƙyallen zanen nan da kika ɗinka mini."

"Kore," in ji Fibi a hankali. "Na gan shi."

"Yauwa. Kin bugo wa Ayuba waya wata rana, ya miƙo mini. Kika faɗa mini wata magana, na ji daɗinta har na kasa cin abinci. Kuna gamawa na ce a sauko mini da faifai. Sau biyu na ƙulla shi don kada ya kwance." Ta juyo da fuska wajenta, wannan karon daidai inda take zaune. "Me kika ce mini ne?"

Fibi ta bi shekarar a ranta wata wata. Abin da take ji kawai shi ne muryarta a shago, keken ɗinki na gudu, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa: ina kwana Inna, ya jiki, ya su Yaya, to bari zan sake kira, ina da mutane. Ta dubi Rahmatu, Rahmatu ta girgiza kai, ranar ba ta nan. Ta so ta ƙirƙiro wani abu mai daɗi ta faɗa, kuma ta san Inna za ta karɓa ta gode wa Allah a kansa. Amma ta riga ta yi wa tsohuwar nan gyara ɗaya, ba za ta ƙara ba.

"Ban tuna ba, Inna."

Inna ta gyaɗa kai. "To," in ji ta. "Magana ce mai daɗi dai."

Fibi ta ƙara sati guda, har matar Ayuba ta aiko cewa tana hanya. Ran da za ta tafi Inna ta rako ta bakin danga tana dafe da kafaɗar Rahmatu, ta sa mata albarka, ta ce ta gaida mutanen shago. Ba ta sake tayar da maganar ba.

A cikin motar Kano, an matse ta tsakanin buhun wake da taga, Fibi ta ciro wayarta ta buɗe jerin kiran da ta yi wa Ayuba, ko ganin ranar zai tuna mata. Wayar ta ajiye kwanan wata, ta ajiye ƙarfe nawa ne, amma ba ta ajiye abin da aka faɗa ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta koma farko ta sake bi, har motar ta shigo Dawanau. Mafi tsawo a cikinsu minti huɗu ne.